Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Bairos Ɗin Bakteriya Ke Tare wa Ɗan'uwansa Hanya

Bakteriya ma tana kamuwa da cuta. Akwai bairos iri-iri waɗanda ba su da wurin hayayyafa sai cikinta, kuma tun shekarun 1940 masu bincike suka lura cewa idan ɗaya ya riga ya shiga, sau da yawa wanda ya biyo bayansa ba ya samun abin da ya zo nema. Wannan shafi ya tattara tambayoyin da suka fi tasowa kan lamarin, an kuma fi ba da ƙarfi ga wani misali da aka daɗe ana nazarinsa, wato takun-saƙar da ke tsakanin bairos mai suna lamda da wani mai suna T4 a cikin bakteriyar E. coli, wadda ke zama a hanji.

Wane irin bairos ake nufi, kuma mece ce ma'anar tare hanya a nan?

Sunansa a kimiyyance bakteriyofaj, ana taƙaita shi a ce faj, ma'anarsa kuwa mai cin bakteriya. Frederick Twort ne ya fara ganin alamarsa a Ingila a 1915, sai Félix d'Hérelle ya sake gano shi a cibiyar Pasteur da ke Faris a 1917, shi ne ma ya raɗa masa suna. Faj ba ya iya ƙera komai da kansa. Abin da ya mallaka shi ne kundin gadonsa, galibi zaren DNA, a dunƙule cikin ƙoƙon furotin, mafi yawansu kuma suna da jela. Da jelar yake lalubar wata ƙofa ta musamman a jikin bakteriya, ya manne, ya tura DNA ɗinsa ciki, ƙoƙon ya rage a waje. Daga nan kayan aikin bakteriyar sai su koma yi masa hidima, su ƙera masa 'ya'ya ɗari ko fiye, sannan ta fashe su watsu.

Tare hanya kuwa ita ce duk wata dabara da faj ɗin da ya riga ya shiga, wanda za mu riƙa kira mazauni, yake bi don hana wanda ya zo daga baya, wato baƙo, hayayyafa a cikin bakteriyar. Ana iya tare baƙon a bakin ƙofa, ana iya riƙe DNA ɗinsa a tsakanin bangon waje da tantanin ciki, ana iya barinsa ya shigo sannan a rufe masa baki, ana kuma iya rushe gidan dungurungum. Ko wacce aka bi, sakamakon yana rataye ne kan yadda ƙwayoyin gado, wato yankunan DNA da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin, na ɓangarori uku suka dace ko suka saɓa: na mazauni, na baƙo, da na bakteriyar da ake rigimar a kanta. Sauyin harafi ɗaya, wato gaɓa ɗaya ta zaren, a DNA ɗin ɗayansu yana iya juya hukuncin.

Yaushe aka fara lura da wannan?

A 1942 Max Delbrück da Salvador Luria, waɗanda dukansu suka baro Turai suka zauna a Amurka, sun zuba faj iri biyu a kan E. coli lokaci guda, waɗanda a yau ake kira T1 da T2. Burinsu shi ne ɗaya ya fasa bakteriyar da wuri domin su leƙa su ga ɗayan yana tsakiyar ƙira. Sai suka tarar kowace bakteriya iri ɗaya tak take fitarwa, kuma T2 ne ke rinjaye, har ma idan an riga an lalata shi da hasken ultrabayolet yadda shi kansa ba zai iya haihuwa ba. A 1952 Renato Dulbecco ya nuna cewa T2 yana hana irinsa ma shiga, matuƙar na biyun ya makara da 'yan mintuna.

Ta yaya faj zai zauna a cikin bakteriya ba tare da ya kashe ta ba, har ya zama mai gadinta?

Ba kowane faj ne ke kisa nan take ba. Lamda, wanda Esther Lederberg ta gano a jikin E. coli nau'in K-12 a farkon shekarun 1950, yana da zaɓi biyu bayan ya shiga. Ko dai ya hayayyafa ya fasa bakteriyar, ko kuma ya saƙa DNA ɗinsa mai haruffa 48,502 cikin na bakteriyar ya kwanta, ta yadda duk lokacin da ta rabu biyu kowace 'ya za ta gaji kwafinsa. Bakteriyar da ke ɗauke da faj a wannan hali za mu kira ta mai goyo.

Abin da ke riƙe lamda a kwance furotin ne guda, wanda ƙwayar gado mai suna cI ke samarwa, aikinsa kuma aikin takunkumi ne. Yana manne wa wasu wurare shida a DNA ɗin lamda, uku a dama uku a hagu, kowanne mai haruffa 17, ya toshe mafarin karanta ƙwayoyin gadon da ke kai ga kisa. Mark Ptashne ne ya ware wannan furotin a jami'ar Harvard a 1967. Mazaunin yana samar da takunkumi fiye da abin da wuraren kamunsa ke buƙata, saboda haka kullum akwai rara tana yawo a cikin bakteriyar. Idan wani lamda ya zo daga waje ya tura DNA ɗinsa, rarar nan ce za ta tarbe shi ta kame nasa wuraren kafin ya furta komai. DNA ɗin baƙon yana nan a ciki amma ba ya kwafuwa, kuma yayin da bakteriyar ke ta rabuwa sai ya tsarke ya ɓace.

Ana ganin wannan da ido a farantin da ake kiwon bakteriya a ɗakin gwaje-gwaje. Idan aka shimfiɗa bakteriya aka ɗiga lamda, filin da ya cinye ba ya fitowa tas, tsakiyarsa takan yi hazo-hazo, domin wasu bakteriyoyin sun zama masu goyo suna ci gaba da girma a tsakiyar dubban faj da ba sa iya taɓa su. Lamda da cI ɗinsa ya lalace shi ke barin fili garau. Zaman lafiyar nan kuma tana da sharaɗi: idan DNA ɗin bakteriyar ya samu rauni, furotin ɗinta mai suna RecA yakan sa takunkumin ya tsinka kansa, mazaunin ya farka ya fasa gidan ya fice. André Lwoff ya nuna a 1950 cewa hasken ultrabayolet yana tayar da faj ɗin da ke kwance ta wannan hanya.

In haka ne, me ya sa takunkumin ba ya tare kowane baƙo?

Domin takunkumi yana gane jerin haruffa ne, kamar yadda mabuɗi ke gane kwaɗonsa. Faj mai suna 434 ɗan'uwan lamda ne na kusa, amma nasa wuraren kamun suna da wani jeri daban, don haka yana shiga mai goyon lamda ya hayayyafa hankali kwance, lamda ma haka yake yi wa mai goyon 434. A 1957 Dale Kaiser da François Jacob sun haɗa wani faj ruwa-biyu, wanda kusan duk jikinsa na lamda ne in ban da ɗan yankin da ke ɗauke da takunkumi da wuraren kamunsa, wanda aka ɗauko daga 434. Ruwa-biyun ya bi halin 434 wajen tarewa da tarewar da ake yi masa, abin da ya tabbatar da cewa wannan ɗan yanki kaɗai ke yanke hukunci.

Akwai kuma lamda mai suna vir, wanda sauye-sauye uku a wuraren kamunsa suka sa takunkumin ba ya riƙe shi da kyau. Wannan yana cinye mai goyon lamda kamar babu mai gadi a ciki.

Mene ne labarin Rex da rII da ake yawan ambata?

Wannan shi ne misalin da ya fi kowanne tasiri a tarihin ilimin gado, kuma ya bambanta da na takunkumi domin lamda da T4 ba su haɗa dangi ba. T4 babban faj ne mai haruffa kimanin 169,000, ba ya kwanciya a cikin bakteriya, kisa kawai ya sani, takunkumin lamda kuma ba shi da wurin kamawa a jikinsa. T4 na asali yana cinye mai goyon lamda ba tare da wata matsala ba.

A wajajen 1954 Seymour Benzer, a jami'ar Purdue ta Amurka, yana aiki da wasu T4 masu naƙasa a wani yanki da ake kira rII. Waɗannan suna girma sosai a kan E. coli nau'in B, suna barin manyan filaye masu kaifin baki. Da ya zuba su a kan K-12 mai goyon lamda sai bai ga fili ko ɗaya ba. A kan K-12 marar goyo kuwa suna girma. Ashe lamda na da wani makami na biyu, T4 kuma yana da garkuwarsa, garkuwar ita ce furotin biyu da rIIA da rIIB ke samarwa. Daga baya, a 1967, aka samu lamda masu naƙasar da ta hana su tare rII, aka kira ƙwayar gadon da abin ya shafa rex, sannan aka gane cewa biyu ne, rexA da rexB.

Benzer ya gane darajar abin da ya faɗo hannunsa nan da nan. Idan aka sa T4 biyu masu naƙasa a wurare daban-daban na rII cikin bakteriyar B guda, DNA ɗinsu kan yi musayar yanki, jefi-jefi a haifi ɗa lafiyayye wanda ya ɗauko ɓangaren kirki daga kowane uba. Nemo wannan ɗa a cikin miliyoyin 'yan'uwansa masu naƙasa zai yi wuya ƙwarai, amma mai goyon lamda ta zama rariya: a zuba dukansu a kanta, lafiyayyen kaɗai zai bar fili. Da wannan rariya Benzer ya jera naƙasu fiye da 2,000 a kan taswira, ya nuna cewa ƙwayar gado doguwar layi ce mai gaɓoɓi da yawa da ake iya rabawa, saɓanin yadda aka ɗauke ta a da kamar dutsen ado guda a jikin tsakiya. A 1961 Francis Crick da Sydney Brenner da Leslie Barnett da Richard Watts-Tobin, a Kambirij, sun yi amfani da rariyar nan dai. Suka ga cewa ƙara harafi ɗaya ko biyu a farkon rIIB yana kashe aikinta, amma ƙara uku yana dawo da shi, T4 ya sake girma a kan mai goyon lamda. Daga nan aka tabbatar cewa ana karanta saƙon gado ne haruffa uku-uku. Duk ɗalibin da ya haddace wannan ƙa'ida a aji, gadon rigimar lamda da T4 ya ci.

Yaya Rex ke aiki a cikin bakteriyar?

Ƙwayoyin gadon rexA da rexB suna nan daf da cI, ana kuma karanta su tare da ita, shi ya sa suke cikin 'yan ƙalilan da ke aiki alhali sauran na lamda suna barci. RexA furotin ne mai amino asid (tubalan ginin furotin) 279 da ke zaune a ruwan cikin bakteriya. RexB ƙarami ne, mai 144, yana nitse a cikin tantanin da ya kewaye ta. Bayanin da ya fi karɓuwa, wanda David Parma da abokan aikinsa suka gabatar a 1992, shi ne cewa RexA ɗan tsaro ne da ke jin motsin baƙo lokacin da DNA ɗinsa ya fara kwafuwa, sai ya tayar da RexB, shi kuma ya buɗe kafa a tantanin. Tantanin bakteriya kamar batir yake, akwai bambancin caji tsakanin cikinsa da wajensa, kuma da wannan bambanci ake samar da makamashi. Da kafar ta buɗe sai cajin ya zube, makamashi ya yi ƙasa, ƙirar DNA da RNA (kwafin saƙon DNA) da furotin ta tsaya, ta baƙo da ta mai gida duka.

Abin da ya sa wannan misali ya cancanci a daɗe a kansa shi ne yawan abubuwan da ke iya karkata sakamakon. Idan aka sa bakteriya ta samar da RexB fiye da kima ba tare da an ƙara RexA ba, tarewar takan lalace, T4 mai naƙasa ya wuce. Idan kuma aka ƙara yawan Rex sosai, har T4 na asali mai cikakkiyar garkuwa ana tare shi, wanda ke nuna cewa tsakanin Rex da rII gwajin ƙarfi ne da yawa ke tasiri a cikinsa. A ɓangaren baƙo, naƙasa ta biyu a wata ƙwayar gadon T4 mai suna motA tana kuɓutar da mai naƙasar rII, wato aibi biyu sun haɗu sun ba shi hanyar da aibi ɗaya ya toshe. Ruwan da ake kiwon bakteriyar ma yana da ta cewa: Alan Garen ya nuna a 1961 cewa ƙara magnesiyam yana ceton baƙon. Shi kansa lamda yana da wata ƙwayar gado mai suna ren, wadda in ta lalace Rex ke juyowa kansa.

Idan bakteriyar ta tsaya cik ko ta mutu, wa ya amfana?

A kallon farko abin ya yi kama da a fasa kowa ya rasa, domin mazaunin da ke cikin bakteriyar nan shi ma ya tafi. Sai dai bakteriya ba ta zama ita kaɗai. Maƙwabtanta galibi 'ya'yan uwa ɗaya ne, kowacce tana goye da kwafin lamda iri ɗaya. Da baƙon ya yi nasara, 'ya'yansa ɗari ko fiye za su fito su afka wa waɗannan maƙwabta. Da aka tsayar da shi a gida ɗaya, an yi asarar kwafi ɗaya an tsirar da sauran.

Wasu masana suna kiran wannan sadaukarwar bakteriya, amma a ganina sunan yana karkatar da hankali daga mai abin. Rex kayan lamda ne, lamda ne ya kawo shi, kuma kwafin lamda ne ke tsira a cikin maƙwabta. Bakteriyar tana cin moriya ne saboda muradinta da na mazauninta sun haɗu a wannan gaɓa. Akwai ma saɓani kan ko mutuwa ce ake yi ko dogon suma, domin Roderick Slavcev da Sidney Hayes a Kanada sun ba da rahoton cewa wani kaso na bakteriyoyin da Rex ya tsayar suna farfaɗowa daga baya.

Faj mai kisa nan take, wanda ba ya kwanciya, shi ma yana tare wasu?

Ƙwarai kuwa, domin mintunan da yake ciki su ne duk rayuwarsa, ba ya son mai raba masa ganima. T4 yana da ƙwayoyin gado biyu na wannan aiki. Ta farko, imm, tana samar da ɗan ƙaramin furotin mai amino asid 83 da ke zama a tantanin ciki ya hana DNA ɗin T4 na biyu ƙetarawa, sai ya maƙale a sararin da ke tsakanin tantani biyu inda wani enzayim, wato furotin mai aikin sarrafa sinadarai, na bakteriyar ke daddatsa shi. Ta biyu, sp, tana kashe kaifin enzayim ɗin da ke bakin jelar baƙo, wanda da shi yake huda bango.

T4 bai tsaya nan ba, yana ɗaukar zuwan baƙon a matsayin labari. A bisa al'ada yakan fasa bakteriya cikin kimanin minti 25 zuwa 30. Amma idan wani T4 ya manne a waje, wannan alama ce cewa faj sun yi yawa, bakteriyar da ba a kama ba ta yi ƙaranci, fita yanzu asara ce. Sai furotin ɗin rI ya riƙe wanda ke huda tantani, fashewar ta jinkirta har sa'o'i, 'ya'yan da za a haifa su ninka. August Doermann ne ya bayyana wannan jinkiri a 1948.

T5 kuwa ƙofar yake kullewa. Yana shiga ta FhuA, wadda bakteriya ke shigo da sinadarin ƙarfe ta cikinta, da ya shiga kuma sai ya samar da furotin mai suna Llp wanda ke kama FhuA ta ciki ya sauya mata siffa. Ribar biyu ce: baƙo ba zai manne ba, sannan bayan fashewa 'ya'yansa ba za su ruɗu su zubar da DNA ɗinsu a kan tarkacen gidan da suka fito ba.

Akwai waɗanda ke sauya kamannin bakteriyar gaba ɗaya?

Akwai. Jikin Salmonella lulluɓe yake da sarƙoƙin sukari, kuma faj da yawa da su suke gane ta. Faj mai suna epsilon 15, idan ya kwanta a ciki, yakan sauya yadda ake ƙulla gaɓoɓin sarƙar, ta yadda 'yan'uwansa ba za su ƙara gane wurin kamawa ba. P22 yana liƙa wa sarƙar ƙarin gulukos, yana kuma da sieA mai hana DNA shiga da sieB mai ɓarar da kamuwar wasu baƙi, ban da takunkuminsa. Tunda da waɗannan sarƙoƙi ne garkuwar jikin mutum da gwajin asibiti suke gane nau'in Salmonella, faj ɗin da ke ɓoye gidansa daga abokan hamayya yana iya sauya yadda likita ke ganin ƙwayar cutar.

Wace dabara ce ta fi nuna cewa ana auna takamaiman abokin gaba?

Ta HK022, wani faj da aka samo a Hong Kong. Lamda yana buƙatar furotin ɗinsa mai suna N domin injin da ke kwafe saƙo daga DNA zuwa RNA ya tsallake wasu shingaye, N kuma yana kama wani ɗan wuri a RNA mai suna nut. HK022 yana samar da Nun, wanda ke kama wannan wuri dai, da taimakon furotin ɗin bakteriya iri ɗaya da N ke amfani da su, amma maimakon ya tura injin gaba sai ya tsayar da shi. Shi HK022 ba ya bin wannan hanya wajen karanta nasa saƙon, saboda haka Nun ba ya cutar da shi, kuma aikin da aka san shi da shi shi ne tare lamda da danginsa masu irin wannan wuri.

P2 ma yana tare lamda da furotin mai suna Old, kuma lamda da ya rasa ƙwayoyin gadonsa red da gam shi ke tsira. Masu haɗa DNA a ɗakin gwaje-gwaje sun daɗe suna amfani da wannan wajen tace lamda ɗin da aka cusa wa sabon yanki a gurbin waɗannan ƙwayoyin gado.

Yaya mazauni ke kauce wa tarkon da ya ɗana da kansa?

Dole ne ya samu mafita, in ba haka ba ranar da ya farka zai hayayyafa ƙaiƙayi zai koma kan masheƙiya. Misali mai kyau ya fito ne daga Afirka. Akwai wani reshe na Salmonella Typhimurium mai lamba ST313 da ke shiga jini, yana kashe yara ƙanana da masu raunin garkuwar jiki a ƙasashen kudu da Sahara. Nau'in da aka fi nazari, D23580, an samo shi ne a Malawi a 2004, kuma yana goye da faj mai suna BTP1. A 2021 Siân Owen da abokan aikinta daga jami'o'in Libapul da Harvard sun nuna cewa BTP1 yana samar da furotin mai suna BstA, wanda ke taruwa a kan DNA ɗin baƙo lokacin da yake kwafuwa ya hana shi kammalawa. Kusa da ƙwayar gadon bstA akwai wani gajeren yanki na DNA mai suna aba, wanda ke kashe ƙarfin BstA idan yana jikin DNA ɗin da ake kwafa. BTP1 yana ɗauke da shi, baƙi ba su da shi. Da aka ɗauki aba aka dasa wa baƙo, shi ma ya wuce lafiya. Kowane nau'in BstA kuma nasa aba kaɗai yake saurara, na wani faj ba ya yi masa aiki.

Ta yaya masu bincike ke gano ƙwayar gadon da ke da alhakin tarewa?

Aikin yana farawa da faranti biyu, ɗaya an shimfiɗa bakteriya mai goyo, ɗaya marar goyo. Sai a tsarma baƙon da ruwa kashi goma-goma, a ɗiga kowane mataki a kan duka biyun, washegari a ƙirga filaye. Idan mai goyo ta ba da fili ɗaya inda marar goyo ta ba da miliyan, akwai tarewa mai ƙarfi. Daga nan sai a riƙa cire ƙwayoyin gadon mazaunin ɗaya bayan ɗaya har a kai ga wadda cire ta ke kawar da tarewar, sannan a dasa ta ita kaɗai cikin bakteriya marar goyo a ga ko ta wadatar.

Mataki na ƙarshe shi ne ya fi ba da haske. 'Yan filayen nan da suka fito a kan mai goyo zuriyar baƙin da suka kuɓuta ne, kuma idan aka karanta DNA ɗinsu aka ga inda ya sauya, an gano abin da makamin ke aunawa ko abin da ke tayar da shi. Da irin wannan hanya Joseph Bondy-Denomy da Alan Davidson da abokan aikinsu a Toronto suka gwada faj 30 na Pseudomonas aeruginosa a 2016, suka tarar yawancin tarewar ba ta takunkumi ba ce, ta wasu ƙananan ƙwayoyin gado ce da ke bambanta daga faj zuwa faj.

Shin wannan yana da alaƙa da cututtukan da muke fama da su?

Yana da ita ta fuska biyu. Ta farko ita ce mazaunin da ke gadin bakteriya sau da yawa shi ne ke ba ta dafi. Victor Freeman ya nuna a 1951 cewa bakteriyar mashaƙo ba ta samar da gubarta sai tana goye da wani faj, kuma wannan guba ce ta yi kisa a annobar da ta ɓarke a Najeriya a ƙarshen 2022, wadda ta fi tsanani a Kano, ta kuma taɓa yankin Damagaram a Nijar. Allurar rigakafin mashaƙo ma gubar nan take koya wa jiki ya gane. Haka kwalara: a 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos suka gano cewa ƙwayoyin gadon gubar da ke jawo amai da gudawa na wani faj ne mai suna CTX, wanda shi ma yake da takunkuminsa, RstR, mai tare irinsa kaɗai.

Ta biyu ita ce yaƙin da ke gudana a cikin hanjin majinyaci. A Bangaladash, faj mai kisa da ake kira ICP1 yana yawan fitowa a bayan-gidan masu kwalara tare da bakteriyar da yake ci. Wasu nau'o'in bakteriyar suna ɗauke da wani yanki na DNA mai suna PLE, wanda ɗan ci-ma-zaune ne da ba ya iya ƙera ƙoƙon kansa. Yana kwance har sai ICP1 ya shigo, sannan ya farka ya datse DNA ɗin baƙon, ya sace kayan ƙirarsa ya zuba nasa DNA a ciki, ya gaggauta fashewar bakteriyar, ICP1 ya tashi ba ɗa ko ɗaya. A 2013 Kimberley Seed da Andrew Camilli suka gano cewa wasu ICP1 sun ɗauki tsarin CRISPR, wanda a da aka sani makamin bakteriya ne a kan faj, suna sare PLE da shi. Binciken samfuran shekaru da dama ya nuna wani PLE yana maye gurbin wani, ICP1 ma yana sauya makami.

Me wannan ke nufi ga masu son yin magani da faj?

Yin magani da faj tsohon tunani ne, cibiyar Eliava da ke Tbilisi a Jojiya tana kansa tun 1923, kuma ya dawo da ƙarfi saboda bakteriyoyin da suka daina jin magungunan antibayotik. Darasi na farko daga duk abin da ya gabata shi ne faj mai iya kwanciya bai dace da magani yadda yake ba, domin zai mayar da wani kaso na bakteriyar masu goyo, su kuma su gagari duk irinsa da za a ƙara bayarwa. Na biyu, bakteriyar da aka ɗauko daga majinyaci galibi ta riga ta zo da nata mazauna, don haka faj ɗin da ya cinye nau'in wani majinyaci yana iya kasa taɓa na wani, kuma dole a gwada kowane samfuri a faranti kafin a ba da magani. Na uku, idan za a haɗa faj da yawa a magani ɗaya, sai an tabbatar ɗayansu ba ya kulle ƙofar da ɗayan ke bi, kamar yadda T5 ke kulle FhuA wadda T1 ma ta nan yake shiga.

An ga aikin wannan ilimi a zahiri a 2019, lokacin da aka ba da rahoton jinyar wata yarinya 'yar shekara 15 a Landan, wadda bakteriyar Mycobacterium abscessus ta bazu a jikinta bayan dashen huhu, magunguna kuma suka gaza. Ɗakin gwaje-gwajen Graham Hatfull a jami'ar Pittsburgh, wanda ke ajiye dubban faj da ɗalibai suka tono daga ƙasa, ya zaɓo guda uku. Ɗaya, mai suna Muddy, wanda aka samo a Durban ta Afirka ta Kudu, yana kashe bakteriyar yarinyar da kyau yadda yake. Sauran biyun, ZoeJ da BPs, masu kwanciya ne, saboda haka aka yi amfani da nau'o'insu da aka lalata wa ƙwayar gadon takunkumi, domin kada su zauna su zama masu gadin ƙwayar cutar da aka aike su kashewa. An riƙa ba ta haɗin ta jijiya sau biyu a rana na tsawon watanni, raunin tiyatar ƙirjinta ya rufe, yawancin ƙurajen fatarta suka lafa, aikin hantarta da na huhunta kuma ya inganta.